Takabar Matar Saje

Washegarin ranar da aka kai Saje Ɗan Iya makwancinsa, Goggo Fanta ta shigo ɗakin matarsa Hure riƙe da baƙin zane da 'yar ƙaramar wuƙa. Ita ce yayar marigayin, kuma babu macen da ta yi takaba a gidan nan ba a hannunta ba. Ta ba Hure wuƙar, ta ce ko bayan gida za ta kada ta ajiye ta. Ta tattara kwalli da turare da madubi ta ƙulle a ɗankwali. Sannan idonta ya sauka ƙasa.

"Wannan kuma fa?"

Farin takalmin kambas ne a ƙafar Hure, irin na 'yan makaranta, ya sha wanki har ya fara sakin zare.

"Na lalura ne, Yaya. Shi ya ce kada in riƙa taka ƙasa."

"Shi ya ce. To shi ɗin yana ina yanzu? Mai takaba da takalmin 'yan ƙwallo, mata na shigowa gaisuwa? So kike a fita da mu a baki, a ce mutuwar ba ta taɓa ki ba? Cire."

Hure ta cire. Ba ta ji komai ba da tafin ƙafarta ya taɓa daɓe, don ƙafafun sun daɗe da daina kawo mata labari. Ciwon suga ya kashe su tun daga idon sawu zuwa ƙasa. Zafi da sanyi, ƙaya da auduga, duk ɗaya ne a wurinsu. Saje ne yake ji a madadinsu. A soja cikin masu ɗaurin rauni ya yi aikinsa, kuma da ya dawo gida bai ajiye hannun ba. Kullum in ya fito daga masallaci da safe sai ya kife turmi ya zauna, ya ce, "A fito fareti!" Ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ya goge, ya shafa mai, ya ɗaura mata takalmin da kansa. Matan gidan sun yi dariya har sun gaji. Bai taɓa ko ɗaga kai ba.

Zaman makoki ya yi jama'a. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Hure da zaure, saboda haka duk abin da maza suke faɗa a kunnenta yake sauka. Ta ji muryar Kofur Abdulkabir, wani tsohon abokin aikinsa da ya zo daga Kunci yana jan ƙafa.

"A Laberiya ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gero. Harsashi na wuce mu, shi kuwa faɗa yake yi min, wai kai Audu nauyin tsiya gare ka, da ka rage cin tuwo da tuni mun isa!"

Zauren ya ɗauki dariya, sannan aka tuna inda ake, aka ce Allah ya jiƙansa.

Mata kuma labarin amalanke suke kawowa. Saje ya sa maƙeri ya haɗa masa amalanke a bayan babur, ya shimfiɗa katifa a ciki, kuma duk faɗin Tudun Kanya da ƙauyukan gefenta babu mai naƙuda ko wanda maciji ya sara da bai hau ta ba zuwa asibitin Tsanyawa. Ko goro bai taɓa karɓa ba. Wata ta nuna yaron da ke goye a bayanta, ta ce a kan katifar nan ta haife shi, a tsakiyar hanya, Saje ya juya baya yana ta karanto salati da ƙarfi don kada ta ji kunya.

Hure tana saurare kamar labarin mijin wata ake yi. Inda ya kamata a ce amin tana cewa amin. Hawaye dai bai zo ba.

Ranar sadakar uku aka aro bencina daga makarantar firamare aka jera har tsakar gida. Da yamma Aina'u, matar Basiru ɗan Hure, tana shara sai ta tsaya.

"Wa ya yanka kaza a nan kuma bai faɗa min ba?"

Ta bi ɗigon jinin tana dariya, har ya kai ta ƙofar ɗakin surukarta. Nan dariyar ta ƙare. Ƙusa ce ta benci, tsatsa ta cinye ta, ta shige tafin ƙafar dama har kanta ya ɓace. Hure ta wuni tana yawo da ita.

Goggo Fanta ta zare ƙusar, ta ƙona tsumma ta cusa tokar a ramin, ta ɗaure.

"Yana ciwo?"

"A'a."

"To alhamdulillahi. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne."

Hure ta san abin da Saje zai yi. Zai tafasa ruwa da gishiri ya wanke, ya ɗauko ta a amalanke tun rana ba ta yi ba. Amma a gidan nan mai takaba daga Juma'a sai Juma'a take wanka, kuma ba ta taka bakin zaure sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ko a alwala, shafa kawai take yi a kan tsumman. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga kamar aiki ne babba, ta rufe.

Mai amalanken dai ya mutu, amma amalanken ba ta mutu ba. Samarin gari suka taru suka ce aikin Saje ba zai tsaya ba. Suka yi mata sabon fenti kore, suka rubuta sunansa a jiki, suka miƙa wa Basiru makullin babur ɗin. A ƙofar zaure ake ajiye ta. Hure tana jin duk sanda aka buga babur ɗin, tana jin muryar ɗanta yana cewa, "A riƙe mata kai, a sa filo." Maganar ubansa ce sak.

Sai dai Basiru ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba. A hannun Goggo Fanta ya tashi. In ya zo gaishe ta a bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana duban wani wuri. In tana son ya san wani abu, ubansa take faɗa wa. Kunya ce ta gado, kuma an yaba mata a kanta shekara da shekaru. Yanzu gadar da ke tsakaninsu tana ƙarƙashin ƙasa.

Da ƙwayoyin suga suka ƙare, ƙafar kuma ta fara kumbura, Aina'u ta tare mijinta yana wanke babur.

"Ƙafar Inna fa ba ta yi min ba. Ga maganinta ya ƙare, kuma sai an ga mutum an auna shi suke bayarwa."

"Ita ta ce ki faɗa min?"

"Ka san ba za ta ce ba."

"To in da abin ya yi tsanani ai da ta yi magana. Kuma wannan ba hurumina ba ne, da manya a gidan. Bari Baffa ya zo."

Baffan shi ne Alhaji Zaharaddini, ƙanin marigayin, mai sana'ar hatsi a Dawanau. Ran Juma'a yake zuwa. A da in ya shigo, shi da Hure sai an raba su saboda wasan ƙanin miji. Yanzu a bayan labule ya tsaya, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! An ce kin yi faɗa da benci. Wa ya yi nasara?"

"Bencin ne, Alhaji."

Ya yi dariya har da tafi. "Kun ji ko? Mai ciwo ne zai yi wannan raha? Ki yi haƙuri, Yaya Hure. Idon duniya a kan gidan nan yake yanzu. Mutumin da ya yi wa jama'a abin da Yaya ya yi, a ce ko arba'in ba a yi ba an ga matarsa a bayan babur a kasuwar Tsanyawa? Bari mu wuce sadakar nan tukuna, da kaina zan sa ki a mota."

Aina'u ba ta haƙura ba. Ta tambayi Malam Najib da ke koyar da su a Islamiyya, shi kuma bai tsaya aike ba, ya tako har zaure. Hure ta ji shi ta katanga yana cewa addini bai hana mai takaba fita neman magani ba, lalura ce, ta je ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ya ce wuƙa da rashin wanka ma ba su cikin abin da aka ce a yi.

"Malam, na littafi ka faɗa, kuma gaskiya ne," in ji Alhaji. "Amma gida ma yana da nasa karatun. Uwarmu ta yi, kakarmu ta yi, ba wadda ta mutu. Kawo hannu mu yi addu'a."

Aka yi addu'a. Da yamma Goggo Fanta ta sami Aina'u a madafa ta tambaye ta ko a gidan ubanta haka ake yi, a kai sirrin gidan miji makaranta.

Don kada a ce ba a yi komai ba, aka kira mai kemis. Ya ce sai ya ga ƙafar. Goggo Fanta ta ce ƙafar mai takaba ba abin kallon ƙato ba ce, ya faɗi abin da yake da shi. Ya ƙulla ƙwayoyi 'yan ja-da-yalo a leda, ya miƙo ta ƙarƙashin labule, ya tafi.

Aka yi arba'in. An kafa rumfa, an buga hoton Saje da kakin soja a ƙyalle mai faɗin katanga, an yi jawabai da lasifika. Wani ya ce irin su Saje ba a haifar su sau biyu. Wani ya ce wanda bai bar marar lafiya ya kwana a gida ba, Allah ba zai bar shi ya kwana a duhu ba. Hure tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafar, tana kallon ƙudaje suna sauka a kan tsumman suna tashi. Babban yatsan ya riga ya koma launin gawayi.

Bayan arba'in sai aka ce a bari a gama yankan gero, hannu ya yi ƙaranci. Bayan gero sai wake. Bayan wake Alhaji ya ce ai an ci rabi, wanda ya haye tsakiyar kogi ba ya komawa baya.

Wari ya fara. Mai takaba ba a yi mata turaren wuta, sai Goggo Fanta ta riƙa ƙona ɓawon lemo a kasko. Mata masu zuwa gaisuwa suka koma tsayawa a bakin ƙofa, su yi sannu su juya. Jikokinta da ke kwana a ɗakin aka mayar da su wani ɗaki. Aina'u kaɗai ke shiga, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta canza tsumma in Goggo ba ta kusa, tana yi tana kau da kai.

"Inna, ki yi masa magana da kanki mana. Wallahi in ke kika faɗa zai ji."

Kwanakin sun zama iri ɗaya a wurin Hure, kamar ƙwayar gero a cikin kwano. Rana ta shigo ta ƙasan labule, ta hau bango, ta fita. A kawo kunu, a ɗauke kunu. Wani lokaci takan dubi ƙafar kamar wata baƙuwa da aka bar mata ajiya. Ba tsoro take ji ba, ba kuma fushi ba. Abin da ya kashe ƙafar kamar ya hauro ne sannu a hankali, ya zauna mata a ƙirji.

Sai wata rana bayan la'asar, da Aina'u ta kwance tsumman, Hure ta ga baƙin ya wuce idon sawu, ga wani jan layi ya miƙe zuwa gwiwa. Ta taɓa ganin irinsa. Wani manomi ne Saje ya duba a zaure, ya fito ya ce da ita, "In kin ga layin nan, ba a jiran gobe." Ta ji ƙarar babur ya tsaya a waje. Ta ajiye wuƙar, ta ja jiki da gwiwa da hannu har bakin ƙofa, ta ɗaga labule.

Basiru yana ratsa tsakar gida da bokiti, zai wanke katifar amalanke. Ya dawo ke nan daga kai uwar wani.

"Basiru."

Sunan ya fito mata kamar tari. Matan da ke sussuka a gindin rumbu suka tsaya da taɓare a sama. Basiru ya daskare, ruwa na zuba daga bokitin a kan ƙafarsa. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

"Basiru, ka kai ni asibiti. Ƙafar nan za ta tafi."

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya ajiye bokitin. Har ya ɗaga ƙafa zai tako, sai Goggo Fanta ta fito daga ɗakinta tana tafa hannu.

"Innalillahi! Kun ji? Sunan ɗan fari a bakin Hure! Matar da ko a naƙuda ba ta yi wannan ba. Ba ita ba ce ke magana. Ga shi ta yar da wuƙar, ai dole abin ya samu ƙofa. Kai kuma ka tsaya kana kallon uwarka a wannan hali? Fita ka nemo mai rubutu!"

Kuma kowa ya ga kamar hakan ya fi sauƙin ɗauka. Cewa kanta ya taɓu ya fi daɗin ji a kan cewa gaskiya ta faɗa. Basiru ya fita da sauri kamar wanda aka yi wa sassauci. Aka mayar da ita kan tabarma, aka danƙa mata wuƙar, aka kawo rubutu a ƙwarya. Ta shanye. Ba ta sake kiran sunan kowa ba.

Ranar da takaba ta cika an yi waina, an yanka kaji. Alhaji ya aiko da atamfa sabuwa. Goggo Fanta ta kwaɓa lalle da hannunta, ta ce yau amarya za ta fito. Hure tana kwance, zazzaɓi na kaɗa ta, ba ta gane masu shigowa sosai. Goggo ta durƙusa ta kwance tsumman da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta duba. Ta ture kwanon lallen gefe, ta miƙe, ta fita.

A kan katifar nan aka ɗora ta. Mutanen gari suna ɗaga wa Basiru hannu a hanya, suna cewa Allah ya yi albarka, ɗan Saje. A asibitin Tsanyawa ba su ma sauke ta ba, suka ce a wuce birni. A birni wata likita ta buɗe ƙafar, ta rufe, ta dubi Basiru.

"Kai ne ɗanta? Ina kuka ajiye ta har ta kai haka?"

"Takaba take yi."

"Takaba." Ta cire safar hannu. "Da kun kawo ta a makon farko, wanki ne da allura. Sa hannu a nan."

A saman gwiwa aka yanke. Aka naɗe abin da aka cire aka ba Basiru, ya kai maƙabarta ya binne shi kaɗai.

Da aka sallamo ta, gidan ya sake cika, wannan karon da 'yan sannu. Ta katanga ta ji Alhaji Zaharaddini yana yi wa baƙi bayani a zaure, cewa ciwon suga mugun abu ne, in ya ce zai ci mutum ba mai hana shi. Ya ce abin godiyar shi ne ta cika takabarta a ɗakinta, ko yini ɗaya ba ta karya ba, irin matan da. Goggo Fanta ta ce da mata abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Basiru ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ya ce sannu, ya tashi, don ana jiran sa da wata mai naƙuda.

Ba wanda ya dake ta a gidan nan. Ba wanda ya hana ta tuwo. Duk wanda ka tambaya zai ce maka yana ƙaunar ta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kowa ya riƙe wani abu ne da ya ga ya fi ƙafar tsohuwa tsada: wannan sunan gida, wannan abin da ta gada, wancan gudun haɗa ido da manya. Sun yabi Saje har makogwaro ya bushe, sun yi wa amalankensa fenti, amma abin da yake yi kowace safiya a kan turmi, ba mai kallo sai 'yan dariya, shi ne ba wanda ya ɗauka.

Da rauni ya fara haɗewa sai wani abu ya zo wa Hure wanda ba ta yi tsammani ba. Ƙafar ta fara ciwo. Tafin da ƙusa ta shiga yana zugi, yatsun suna ƙuna kamar an sa su a garwashi, ta kai hannu ta tarar da tabarma. Wata safiya Goggo Fanta ta leƙo ta same ta tana matse haƙora, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Mene ne kuma?"

"Ƙafar ce, Yaya. Tana ciwo."

"Wacce?"

"Ta dama."

Goggo Fanta ta dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, ta girgiza kai, ta juya wajen matan tsakar gida.

"Kan nan dai har yanzu bai dawo daidai ba. Wai ƙafar da babu ita ce take mata ciwo. Allah ya sawwaƙe."

Matan suka ce amin. Hure ta juya fuskarta ga bango. Daga ranar, duk wanda ya tambaye ta ya jiki, sai ta ce da sauƙi.